Teku a ƙofar gida, masu jari shiru

Wasiƙun wannan watan kusan duk bakinsu ɗaya: yankin da Allah Ya ba gaɓar teku, yaya zai yi ya jawo masana'antu da 'yan kasuwa da ita? Na zaɓi guda biyar. Ta farko ce ta fi cin wuri, domin ta sosa mini inda ya daɗe yana yi mini ƙaiƙayi. Kamar kullum, na sakaya sunaye.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne a ofishin da aka ɗora wa nauyin jawo masu zuba jari zuwa wani yanki na bakin teku. Muna da tashar jiragen ruwa, an yashe mashigarta, an kawo sababbin injinan ɗaga kwantena, ga fili an ware wa masana'antu. Baƙi sukan zo, mu zagaya da su, su yaba, a yi hoto, su tafi. Daga nan shiru kake ji. A ina gizo yake saƙar?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da labarin wata rana da na sha kunya, domin a ranar na koyi amsar tambayarka.

Lokacin da nake aikin fitar da kaya daga tasha, an taɓa haɗa ni da tawagar wani kamfanin ƙetare da ke son kafa masana'antar harhaɗa na'urorin sanyaya ɗaki. Aka shirya musu yawo a ƙaramin jirgin ruwa, su ga faɗin mashiga da sababbin injina. Kowa ya shiga ban da wani dattijon injiniya mai ɗan littafi a aljihun gaba. Shi cewa ya yi a samo masa tirelar da ta ɗauko kwantena, yana so ya zauna kusa da direba daga ƙofar tasha har filin da aka ce za a ba su. Ni aka tura in raka shi. Tafiyar ba ta kai kilomita 20 ba, amma da hantsi muka bar ƙofa, ba mu isa ba sai bayan la'asar. Duk inda muka tsaya sai ya dubi agogo ya rubuta: layin fita, shingen da aka sake duba takardun da aka gama dubawa a ciki, wata siririyar gada da tankar mai ta mutu a kanta, kasuwar da ta cinye rabin titi. Ni kuwa ina ta ba shi baki, wai yau ce kawai ta zo da haka. Ko kallona bai yi ba. Ya nuna direba, ya ce in tambaye shi jiya awa nawa ya yi. Direba ya ce jiya ko awa ɗaya bai cika ba. Makon jiya fa? Sai direba ya yi dariya, ya ce makon jiya a kan hanyar nan ya kwana biyu. Dattijo ya rufe littafinsa ya mayar aljihu.

Na ɗauka "ko awa ɗaya" ɗin nan za ta faranta masa rai. Ashe ita ce ta kashe maganar. Da dare ya ce mini da a ce kullum awa shida ce, da ya san yadda zai tsara aikinsa. Abin da ba ya tsaruwa shi ne hanyar da yau awa ɗaya ce, gobe kwana biyu.

Ka sa kanka a matsayinsa. Yana da layin aiki da ke cin kayan haɗi kowace safiya. In bai san ranar da kwantenarsa za ta iso ba, dole ya jibge kayan wata biyu ko uku a sito, don kada layi ya tsaya ma'aikata su zauna suna kallon juna. Kayan nan kuɗi ne a kwance, galibi ma bashin banki ne da ruwansa ke hawa, ga hayar sito, ga inshora, ga masu gadi. In ya buga lissafi sai ya ga arhar fili da arhar ƙwadagon da kuka yi masa talla da su duk sun narke a nan. Masana tattalin arzikin da suka bi diddigin kayan da ke shiga Amurka sun ƙiyasta cewa kowane kwana ɗaya da kaya suka ƙara a hanya yana daidai da harajin da ya kama daga kashi 0.6 zuwa kusan kashi 2 cikin 100 na darajarsu. Ka ninka wannan da kwana goma ka ga abin da ya rage na ribar mutum.

Ku ruwa kuke nuna wa baƙi, su kuwa idonsu na bayan katanga. Tsakanin jirgi da ƙofar masana'anta akwai jira iri uku. Jirgi yakan jira a teku kafin a ba shi wurin tsayawa, kwantena takan jira a filin tasha kafin a sake ta, tirela kuma takan jira a ƙofa da kan hanya. Yashe mashiga da sayen injina jiran farko kaɗai suke magancewa, shi ne kuma sau da yawa mafi ƙanƙanta. Na tsakiyar ne babban ciwo. A 2012 Bankin Duniya ya fitar da wani bincike kan tashoshin Afirka kudu da Sahara, ya gano cewa kwantena takan yi kimanin kwana 20 a tasha kafin ta fita, in ban da Durban ta Afirka ta Kudu inda ake yin kwana 4, wanda shi ne kusan abin da ake gani a manyan tashoshin duniya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a binciken shi ne ainihin sauke kaya da jera su ɗan kaɗan yake ci daga kwanakin nan. Sauran a takarda suke tafiya, da kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: akwai masu shigo da kaya da ke barin kayansu a tasha da gangan, saboda ajiya a ciki ta fi ta waje arha, ko saboda sai sun samu mai saye sannan za su iya biyan kwastan. Akwai kuma waɗanda jinkirin ne abincinsu, domin inda babu jinkiri babu mai biya a gaggauta masa. Rijiya ta bayar, guga ya hana ke nan. Ka kawo injina goma, ba za su taɓa wannan ba.

Maganin takarda tsoho ne. Tun 1989 Singafo ta buɗe tsarin TradeNet, inda ɗan kasuwa ke cike fom ɗaya ta kwamfuta, duk hukumomin da abin ya shafa su gani a lokaci guda. Abin da ke cin kwanaki da tarin takardu ya koma mintoci. Ƙasashe da yawa sun kwaikwaya, wasu da gaske, wasu da suna. Na taɓa aiki a tashar da aka sa irin wannan tsari da bikin yanke kyalle, amma bayan ka gama cikewa a kwamfuta sai ka buga takardar, ka bi tebur bakwai a danna maka hatimi. Kwamfutar ta zama tebur na takwas.

Ban ce zurfin ruwa ba shi da amfani ba. Manyan jiragen yanzu suna ɗaukar kwantena kusan 24,000 in an auna da ƙaramar kwantena 'yar ƙafa 20, tsawonsu mita 400, suna kuma bukatar zurfin da ya kai mita 16 ko fiye. Sai dai irin waɗannan tashoshi ƙalilan suke shiga, yawanci a layin Asiya zuwa Turai. Mai masana'anta ba girman jirgi ya dame shi ba. Tambayarsa ita ce sau nawa a mako jirgi ke tashi daga nan zuwa kasuwar da yake sayarwa, kuma kai tsaye ne ko sai an juye kayan a wata tasha sun yi mako suna jiran wani jirgin.

In kana neman wurin da za ka yi nazari, ka dubi Tanger Med ta Maroko, wadda aka buɗe a 2007 gabas da birnin Tanja. Ba tasha kaɗai suka gina suka zauna jiran tsammani ba. Tare da ita aka ja babbar hanya da layin dogo, aka yanka filayen masana'antu, aka kuma damƙa tashar da filayen ga hukuma ɗaya. A 2012 kamfanin Renault ya buɗe masana'antar motoci a Melloussa, jirgin ƙasa yana kwasar motocin daga bakin masana'anta zuwa bakin jirgin ruwa. Da babba ya zauna sai ƙanana suka biyo, masu yin kujeru, masu harhaɗa wayoyin lantarki na mota, da sauransu. A 2024 tashar ta haura kwantena miliyan 10, babu kamarta a Afirka da duk Bahar Rum. Gaskiya ne suna da abin da ba a arowa, domin mashigin Jibralta a inda ya fi ƙunci kilomita 14 ne kacal tsakaninsu da Turai. Abin da ake iya ara shi ne ya zama akwai ofishi ɗaya da mai jari zai buga wa waya in kayansa sun maƙale, wanda ba zai ce masa "ai wannan ba huruminmu ba ne" ba.

Shawarata gare ka, ka rage kuɗin buga ƙasida mai sheƙi, ka sa yara biyu da agogo. Wata shida su riƙa rubuta kwanakin da kwantena ke yi daga saukarta zuwa fitarta, da awannin da tirela ke yi daga ƙofa zuwa filin masana'antu. Ka zauna da direbobi da masu fitar da kaya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sannan in baƙo ya zo ka nuna masa alƙaluman, har da na rana mafi muni, da abin da ake yi a kai. Ko ka nuna ko ba ka nuna ba zai samo su, domin kafin ya hau jirgi ya zo ya riga ya tambayi kamfanonin jiragen ruwa.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce, ina rubuta kundin kammala digiri kan sufuri. Malamina ya ce tashar da ba ta da layin dogo ba tasha ba ce. Shin jirgin ƙasa ya fi tirela a kowane hali?

AMSA: Malama, ki gaida malamin naki, yana da gaskiya amma ba duka ba. Jirgin ƙasa yana da kuɗin da ba ya canzawa ko tafiyar gajera ce ko doguwa: a ɗora kwantena kan tarago, a sauke ta a ɗaya ƙarshen, a sake ɗora ta kan tirela ta kai ta ƙofar mai ita, domin layin dogo ba ya shiga kowane sito. Kowace ɗagawa kuɗi ce da lokaci. In tafiyar 'yar kilomita 50 ce, tirela ta kai ta dawo kafin a gama haɗa taragai. Sai tafiya ta yi nisa, ɗaruruwan kilomita, kaya kuma suna da yawa a kai a kai, sannan arhar gudu a kan ƙarfe take biyan kuɗin ɗagawar.

Akwai wuraren da aka karya wannan ƙa'ida aka kuma ci riba, ki lura da dalilin. A jihar Karolina ta Kudu a Amurka an buɗe tashar tsandauri, wato tashar kwantena ta cikin ƙasa nesa da teku, a Greer a 2013, kimanin kilomita 340 daga tashar Charleston. Da lissafin Amurkawa wannan gajeriyar tafiya ce ga jirgin ƙasa. Ta yi aiki ne saboda masana'antar BMW tana gefenta da kayan da za su cika jirgi kowane dare. Babban mai kaya ɗaya tabbatacce ya fi alƙawarin ƙanana ɗari.

Wani lokacin kuma ba don arha ake jan layin ba, don a ceci gari ne. Tashoshin Los Angeles da Long Beach sun daɗe suna shaƙe unguwannin da ke bayansu, jiragen ƙasa suna ratsa tituna suna tsayar da motoci. A 2002 aka buɗe layin Alameda, kilomita 32, kusan rabinsa a cikin rami ƙasa da titi, ya kawar da mahaɗar titi da dogo fiye da 200. Holan ma ta ja layin Betuwe a 2007, kilomita 160 na kaya zalla daga Rotadam zuwa iyakar Jamus. Kada ki manta Rotadam tana da hanya ta uku da mutane ke mantawa da ita, kogin Rhine, inda jiragen dakon kaya na kogi ke hawa har Duisburg da gaba. Yankin da ke da kogi ko tafkin da jirgi zai bi ya bar shi ya cike da yashi, ya yi asarar hanya mafi arha da yake da ita.

Ki kuma sa labarin Kenya a kundinki. An buɗe sabon layin Mombasa zuwa Nairobi a 2017, da bashi mai nauyi. Don layin ya samu abin biyan bashi, sai gwamnati ta tilasta a riƙa ɗora kayan da za su cikin ƙasa a kan jirgin, ana fitar da su a Nairobi. 'Yan kasuwa suka koka cewa in an haɗa da kuɗin tirelar ƙarshe da na mayar da kwantena, abin ya fi musu tsada, Mombasa kuma ta ga aikin direbobi da masu sito yana tsiyayewa. A Satumban 2022, da hawan Shugaba William Ruto, aka janye tilascin. Layin bai lalace ba, yana aiki. Darasin da nake so ki ɗauka shi ne mai jari yana lura da ko zaɓi ake ba shi ko umarni.

Abu ɗaya da zan ƙara wa malaminki ƙarfi a kai shi ne lalacewar titi. Gwajin da injiniyoyin Amurka suka yi daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa ɓarnar da mota ke yi wa titi ba daidai da nauyinta take ƙaruwa ba, tana ninkuwa ne. In nauyin da ke kan sandar ƙarfen da ke haɗa tayoyi ya ninka biyu, ɓarnar takan kai kusan ninki 16. Shi ya sa titin tasha yake fashewa shekara biyu bayan an gama shi in babu sikelin auna manyan motoci, ko akwai shi amma ana rufe ido. Kayan nauyi irin su siminti, ƙarfe, taki da hatsi, wurinsu dogo ne ko ruwa. Sannan ko wace hanya aka zaɓa kada ta zama tilo. Ambaliyar Afrilun 2022 ta yanke titin Bayhead da ke shiga tashar Durban, jirage na tsaye, injina lafiyarsu ƙalau, amma kwantena ba ta da ta inda za ta fita.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ba gara a yafe wa kamfanoni haraji na shekara goma ba, a huta da kashe kuɗi kan tituna? Ai ɗan kasuwa kuɗi yake bi.

AMSA: Yallaɓai, harajin riba sai an ci riba ake biyansa. Wanda kayansa ke kwana 20 a tasha, injinansa ke aiki da janareta, ba shi da ribar da za ka yafe masa haraji a kai. Ga shi kowane yanki yana iya yin wannan tayin da alƙalami kawai, maƙwabcinka zai ba da shekara goma sha biyar gobe. Tun 2021 ma ƙasashe fiye da 130 suka amince da mafi ƙarancin haraji na kashi 15 cikin 100 kan manyan kamfanonin da cinikinsu ya kai yuro miliyan 750 a shekara. A inda aka fara aiki da shi, abin da ka yafe wa irin wannan kamfani wata ƙasa ce za ta iya karɓewa.

Ana yawan kafa hujja da Jabal Ali ta Dubai. An buɗe tashar a 1979, yankin ciniki maras haraji ya biyo a 1985 da kamfanoni 19, yau dubbai ne. Yafe haraji yana ciki, ban musa ba. Amma yankin manne yake da tashar, kwantena tana barin jirgi ta shiga sito ba tare da ta hau titin gari ba, wuta ba ta ɗaukewa, ga filin jirgin sama kusa. Na ga yankunan da aka zagaye da katanga aka kafa allo da sunan "maras haraji", shekaru suka wuce ba abin da ya tsiro a ciki sai ciyawa. Ka tambayi mai fitar da kifi ko 'ya'yan itace abin da ya fi so tsakanin hutun haraji da soket ɗin da zai jona kwantenarsa mai sanyi a tasha, wanda wutarsa ba ta yankewa.

TAMBAYA: Malam, ni tsohon ma'aikaci ne, na yi ritaya. Tashar yankinmu tana tsakiyar birni, ta shaƙe. Ana maganar ciyo bashi a gina sabuwa can nesa, wai tana kan hanyar da manyan jirage ke wucewa, don haka dole su tsaya. Hankalina bai kwanta ba.

AMSA: Baba, rabin maganar tasu daidai ne, ɗaya rabin shi ne ya hana ka barci.

Rabin da yake daidai tarihi ya tabbatar da shi. Ranar 26 ga Afrilu 1956 wani mai motocin dako, Malcom McLean, ya ɗora kwantena 58 a jirgin Ideal X daga Newark zuwa Houston a Amurka. Kafin nan kaya buhu-buhu, akwati-akwati ake lodawa, jirgi ya yi mako ko fiye a tasha, kuma abin da tasha ke bukata shi ne 'yan dako da yawa da sito a bakin ruwa. Kwantena ta zo da wata bukata dabam: fili mai faɗi a bayan jirgi da hanyar fita. Tashoshin da gari ya yi wa zobe suka kasa. Aikin tashoshin Manhattan da Brooklyn na birnin New York ya tsallaka zuwa Newark da Elizabeth a New Jersey. Tsofaffin tashoshin Landan suka yi ta rufewa daga 1967 har ta ƙarshe a 1981, kaya suka koma Tilbury da Felixstowe, wadda a da ba a ma lissafi da ita. Don haka fitar da tasha daga tsakiyar birni ba sabon abu ba ne, sau da yawa ma ba makawa.

Rabin da ke da haɗari shi ne wannan "dole su tsaya". Jirgi ba ya tsayawa don ya ga tasha, kaya yake tsaya wa. Hambantota ta Siri Lanka tana dab da ɗaya daga cikin hanyoyin teku mafi cunkoso a duniya. An buɗe ta a 2010 da bashin Sin, a yankin da babu masana'antu. A 2012 jirage 34 kacal suka shiga, alhali Kolombo na karɓar dubbai. A 2017 aka ba wani kamfanin Sin hayarta na shekara 99 a kan kuɗi fiye da dala biliyan 1. Daga baya ta samu aiki, musamman juye motoci daga jirgi zuwa jirgi, amma ba a hannun waɗanda suka ci bashin ba.

In suka ce maka ai juye kaya daga babban jirgi zuwa ƙanana za a riƙa yi, ka tambaye su abu biyu. Na farko, wa ya sa hannu? Wannan ciniki ba shi da gida. A 2000 kamfanin jiragen ruwa na Maersk ya kwashe aikinsa daga Singafo, duk da ƙwarewarta, ya koma Tanjung Pelepas ta Maleshiya, Evergreen ya bi shi a 2002. Girgizar ƙasar Janairun 1995 ta rusa tashar Kobe ta Japan, aka gyara ta cikin kimanin shekara biyu, amma kayan da suka koma Busan ta Koriya ta Kudu ba su dawo ba. Na biyu, me mutanen yankin za su samu? Gioia Tauro a kudancin Italiya an haƙa ta ne a shekarun 1970 don wata masana'antar ƙarfe da ba a taɓa ginawa ba. Tun tsakiyar shekarun 1990 ta zama babbar cibiyar juye kwantena, miliyoyi suna ratsawa, amma kusan duk ta ruwa suke zuwa ta ruwa suke komawa. Yankin Kalabriya har yau yana cikin mafi talauci a Italiya.

Don haka in an kira taron jin ra'ayi, Baba, ka tashi ka tambaya: titin da layin dogon da za su haɗa sabuwar tashar da cikin ƙasa suna cikin wannan bashin ne, ko sai "kashi na biyu"? Wane kamfanin jirage ko mai gudanar da tasha ya zuba nasa kuɗin? Bashin da kuɗin waje za a biya, tashar kuma da wane kuɗi za ta riƙa samu? In amsar ta farko ita ce kashi na biyu, hankalinka yana da dalilin ƙin kwanciya.

TAMBAYA: Malam, ni 'yar kasuwa ce a ƙasar da ba ta da teku. Yankuna biyu na gaɓa suna zawarcinmu, kowanne ya ce zai buɗe mana tashar tsandauri. Wanne zan bi?

AMSA: Hajiya, zawarcin nan ki riƙe shi da kyau, domin wanda ke da ƙofa ɗaya ba ya ciniki. Habasha ta rasa gaɓarta da Eritiriya ta ɓalle a 1993, bayan yaƙin 1998 kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na kayanta ta Jibuti suke bi. An ja mata layin dogo na lantarki mai kimanin kilomita 750 da ya fara jigila a 2018, ga tashar tsandauri a Modjo, duk da haka har yau neman ƙofa ta biyu take yi.

Kada nisan kilomita ya ruɗe ki. Hanya mai tsawo da iyaka ɗaya mai saurin wucewa ta fi gajeriya mai shinge a kowane gari. Kada kuma allo ya ruɗe ki, fili da katanga ba su ne tashar tsandauri ba. Ki nemi kamfanin jirgin ruwa ya gaya miki ko zai rubuta sunan wannan tashar a takardar ɗaukar kaya a matsayin inda kaya za su sauka. In zai rubuta, kwantenarki za ta taho da hatiminta har can, a can kwastan za su buɗe ta. In ba zai rubuta ba, za a buɗe ta a bakin teku, a sake buɗewa a iyaka, a sake a tsandaurin.

Sai maganar kwantenar da aka sauke wa kaya. Ba taki ba ce, ta kamfanin jirgi ce, yana ba ki 'yan kwanaki kyauta, daga nan tarar jinkiri ta fara hawa kullum har ranar da ta koma hannunsa. Na ga wanda tarar nan ta cinye masa ribar kaya gaba ɗaya saboda motar da ke mayar da kwantenar ta lalace a hanya. Ki tambayi kowanne daga cikin yankunan biyu ko za ki iya ajiye ta a tashar tsandaurin a ɗauka kin mayar, da kwana nawa za a ba ki, kuma su ba ki amsar a rubuce. Sannan ki aika kwantena ɗaya ta nan, ɗaya ta can, a mako guda, ki rubuta ranar da kowacce ta iso ƙofar sitonki da duk abin da kika biya a hanya, har wanda ba a ba ki rasit ba.